Kai jariri wajen reno: me za a duba?

'Yar'uwa, kina tsoron cewa in kika kai jaririnki wajen reno saboda kina zuwa aiki, hakan zai taɓa halayyarsa idan ya girma. Ya danganta da kulawar wurin. A Amurka, wani bincike da aka fara a 1991 ya bi yara sama da 1,300: waɗanda suka samu kyakkyawan reno sun ɗan fi natsuwa a shekara 15, kodayake tasirin gida ya fi ƙarfi.

Ki riƙa leƙawa ba sanarwa. Yaro na kuka, ana ɗaukarsa a rarrashe shi, ko kowa na latsa waya? Yara nawa ne a hannun mutum ɗaya? Kada fenti da lilo su ruɗe ki, kuma ki guji yawan sauya masa mai reno. In ya daina wasa ko cin abinci, ki kai shi wajen likitan yara.