Agogonka numfashi yake fara gani kafin farin ciki

Ɗan'uwa, ka ce duk sanda ka zauna ka tuna abin da ke faranta maka rai, lambar tazarar bugun zuciya a agogonka takan hau, kana son sanin ko farin cikin ne ya jawo, kuma ko ana ganin irin haka a ƙwaƙwalwa. Na daɗe ina manna wa mutane wayoyin awo a ɗakin gwaji, bari in faɗa maka abin da na gani.

Lafiyayyar zuciya ba ta bugawa daidai wa daida. Ko tana yin 60 a minti, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu takan bambanta da 'yan milisakan, kuma wannan bambancin agogonka ke lissafawa. Yawancinsa aikin wata doguwar jijiya ce da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta gangaro ta wuya zuwa ƙirji, ita ke taka wa zuciya birki. In ka ja numfashi sai ta sassauta, bugun ya ɗan ƙara sauri, in ka fitar sai ta sake riƙewa. To a nan gizo ke saƙar. Wanda ya zauna shiru yana tuna abin daɗi, numfashinsa kan yi tsawo bai sani ba, kuma numfashi kamar sau 6 a minti yana ɗaga lambar nan sosai ko da ran mutum a ɓace yake. Na sha ganin wanda ya shigo yana huci, muka sa shi ya rage saurin numfashi, zanen ya fito a allo gwanin sha'awa alhali fushin na nan.

Ba wai farin ciki ba ya taɓa zuciya ba ne. A 1998 Barbara Fredrickson da Robert Levenson a Amurka sun nuna wa mutane bidiyo mai tsoratarwa har bugunsu ya tashi, sannan suka biyo shi da wani gajere. Waɗanda suka kalli na nishaɗi ko na natsuwa sun fi saurin komawa yadda suke da farko a kan waɗanda suka kalli na baƙin ciki ko wanda ba ya motsa rai. A ganina nan ya kamata ka nemi tasirin, wato saurin saukowar zuciya bayan tashin hankali.

Batun ƙwaƙwalwa ya fi wuya. Tun 1924 Hans Berger na Jamus ya fara ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, amma siginar ƙarama ce ƙwarai, da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ake ƙirga ta. Richard Davidson na Jami'ar Wisconsin ya yi suna da binciken da ya danganta gaban ƙwaƙwalwa na hagu da jin daɗi, ta hanyar kwatanta igiyar alfa, mai kaɗawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa, a ɓangarorin biyu. Daga baya aka gano fushi ma yana karkata hagu, don haka abin ya fi kama da yunƙurin tunkarar abu. Ga kuma wanda ya fi ba mu ciwon kai: murmushi kansa. Naman fuska da ƙiftawar ido suna fitar da lantarkin da ke danne na ƙwaƙwalwa, su kuwa na'urorin ɗaurawa a goshi da ake tallatawa a kan naman suke zaune.

In kana son gwadawa da kanka, samu abin awo na ɗaurawa a ƙirji, ya fi hasken da agogon hannu ke auna bugu da shi daidaito. Ka auna da safe kafin kofi, a zaune iri ɗaya, minti 5 kamar yadda ƙa'idar awon da masana zuciya suka fitar a 1996 ta tsara. Ka daidaita saurin numfashinka da agogo ya zama iri ɗaya a gwaji biyu, ɗaya kana tuna abin daɗi, ɗaya kana ƙirga lambobi kawai, ka maimaita a ranaku daban-daban. Abin da ya rage tsakaninsu shi za ka iya jingina wa farin ciki.

Kada ka kwatanta lambarka da ta wani, shekaru suna rage ta. In kuma ta yi tsalle fiye da kima kana jin zuciya na tsallake bugu, je ka ga likita, domin rikicewar bugu ma tana kumbura lambar.