Kafin ka kira mai fenti

Ɗana, saƙonka ya iso, na yi dariya har sai da Gwaggonka ta leƙo ta ji ko lafiya. Wai ko camfi ne ya sa manya ba sa sayen gidan haya sai sun gan shi da damina, kuma ba sa saka sabon ɗan haya sai ɗaki ya sha iska. Dariyar ta tsaya ne a ƙarshen saƙon, inda ka ce akwai baƙi-baƙi a kusurwar ɗaki a gidan da ka saya, za ka sa a shafe shi da fenti kafin mutane su tare.

Ina saurayi, marigayi Baffana, ƙanen kakanka ke nan, ya ja ni duba wani gida da dillali ya cika masa kunne da yabonsa. Gida fes, sabon fenti har ɗaukar ido yake. Baffa ya zaga, ya yi godiya, bai ce uffan kan ciniki ba. Sai ranar da aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya ya ce in tashi mu koma. Dillali na raɓe a ƙofa yana mita, shi kuwa tsoho yana zaga gidan ta waje, riga ta manne masa a baya, idonsa na kan inda ruwan kwano ke sauka. Indararo a gindin bango yake zuba, ƙasar wajen kuma ta karkata zuwa ɗakuna, ruwa ya kwanta nan bai da niyyar tafiya. Da muka shiga ciki ya tsaya shiru yana shaƙar iska. Ya ce in kama masa wata tsohuwar kabad da masu tashi suka bari. Muna janye ta, wari ya buge mu: fumfuna baƙa da kore-kore, shimfiɗe tun daga ƙasa har kusan ƙuguna. Ya danna babban yatsa a filasta, ta marmashe, wani farin gari kamar gishiri ya maƙale masa a farce. Ya juyo ya ce wa dillali, "Ruwa ba ya tsami banza."

Ya sayi gidan fa. Amma sai da aka rage masa, aka karkatar da ruwan, aka farfashe filastar, bango ya wuce rani guda tsirara kafin a sake yaɓe shi.

Yakan ce laima ƙofa uku gare ta: ta sama, ta ƙasa, da ta cikin gida. Ta sama yoyon rufi ce ko bututun da ya fashe, za ka ga zobe mai launin ruwan ƙasa a silin. Ta ƙasa daga harsashi take hawowa, ba ta cika wuce mita 1 ba, ita ce mai barin gishiri. Saboda ita magina ke shimfiɗa leda ko kwalta a layin bulo kamar santimita 15 daga doron ƙasa. Ta ukun numfashi ne da tururin girki da wanka da shanyar cikin ɗaki, su taru a bango mai sanyi inda iska ba ta zagawa. Masana yau sun sa wa abin lamba, sun ce danshin iskar ɗaki kada ya haura kashi 60 cikin 100, kuma abin da ya jiƙe a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48. Baffa da hanci yake aunawa.

Ku kuwa yanzu a hoton waya kuke sayen gida. Ku toshe ko'ina da gilashi, banɗaki ba taga, in bango ya yi baƙi ku lulluɓe shi da tayil, laimar ta hau sama ta ɓullo inda tayil ya ƙare. Ɗan haya ya yi magana, ku ce shi ne ba ya buɗe taga. Wani lokacin gaskiya ne, amma tagarsa ba ta gyara rufinka. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan laima da fumfuna, ta danganta su da asma da tari. A Rochdale ta Ingila, a 2020, yaro ɗan shekara 2 ya rasu sanadiyyar fumfunar gidan hayarsu, bayan iyayensa sun sha kai kuka. 'Ya'yan mutane za ka kwantar a ɗakin nan.

Maganar barin ɗaki ya sha iska kuwa, tana da tsawo, sai ka zo. Kafin nan ka duba mini me ke bayan bangon nan, banɗaki ne ko waje, kuma baƙin daga sama ya faro ko daga ƙasa. Mai fentin ka ce masa ya dakata. Ka gaida mai ɗakinka da yara.