'Yata kurma ce ta gado: idan an dasa mata na'urar ji za ta yi magana?

Tambaya: Likita, ni da maigidana auren zumunci muka yi. 'Yarmu watanta 14, an gwada an ce kurumta ce mai tsanani, ta gado. Sun ba mu shawarar dasa na'urar ji a cikin kunne. Gadon ba zai hana ta magana ba?

Amsa: Malama, Allah ya ba ta lafiya. Gado shi kaɗai ba ya hana magana, abin dubawa shi ne inda matsalar take. Na'urar tana tsallake ƙananan gashin da ke cikin katantanwar kunne ta taɓa jijiyar ji kai tsaye, don haka idan jijiyar lafiya lau take, akwai kyakkyawan fata. Haka abin yake ga yaran da kurumtarsu ta fito daga ƙwayar gado ta GJB2, wadda ta fi yawa a Turai da Asiya, kuma ake samu a Gana, musamman ƙauyen Adamorobe. Masu kurumtar da ta fito daga wata ƙwayar gado, OTOF, su ma sukan amfana sosai. Inda ake shan wahala shi ne idan jijiyar ta tsumbure ko babu ita, shi ya sa hoton MRI, wanda ke nuna jijiyar, ya zama dole kafin aiki. A kuma duba idonta da zuciyarta, domin wasu nau'o'in gadon, kamar Usher, sukan zo da ciwon ido daga baya, wasu kuma da ciwon zuciya.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Tun 2020 Amurka ta amince a dasa wa jariri ɗan wata 9. Wanda aka yi wa kafin shekara 2 yakan kusa cimma sa'o'insa, bayan shekara 7 kuwa yaron da bai taɓa ji ba da wuya maganarsa ta fita sarai. Kada ku tsaya jiran "za ta buɗe baki da kanta".

Ranar da aka kunna na'urar, makonni kaɗan bayan aiki, kamar ranar ta fara ji ke nan a duniya. Sai an bi ta da horon magana na shekaru, tana sanye da na'urar duk lokacin da take farke, ku kuma kuna yi mata hira ba gajiyawa. Karin sauti na iya ba ta wuya, irin bambancin kukan yaro da kukar miya, saboda na'urar ba ta cika isar da hawa da saukar murya ba. Kafin aikin ma, ku fara maganar hannu da ita tun yau.