Amsar tambayarka kan masu cewa a sakar wa kasuwa mara

To ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, ka ce me ya sa a ƙasashen da dimokuraɗiyya ba ta gama zama da gindinta ba aka saba kallon ɗan adawa kamar maƙiyi, kuma wai jam'iyyar da ke cewa gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa tana da makoma kuwa ko wahalar banza take.

Ita wannan al'ada gadonta aka yi daga mulkin soja da na jam'iyya ɗaya, lokacin da duk wanda ya ce a'a sunansa maci amana. Sannan mutane sun buɗe ido sun tarar gwamnati ce mai ɗaukar aiki, ita ce mai raba kwangila, to kai da ka zo kana cewa a sayar da kamfanoninta a janye tallafi, wallahi talaka ba 'yancin kasuwa yake ji ba, ji yake za a cire masa loma daga baki, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Amma dubi Gana. A 1992 jam'iyyar adawa ta NPP, mai ra'ayin a sakar wa kasuwa mara, ta ce shugaba mai ci Rawlings ya yi mata maguɗi a zaɓen shugaban ƙasa, ta yi fushi ta ƙaurace wa zaɓen majalisa, sai NDC, jam'iyyar Rawlings, ta kwashe kujeru 189 cikin 200. Shekara huɗu suna waje suna surutu a jarida, ana yin doka ba mai cewa uffan, wannan a wurina babban kuskure ne don aikin ɗan adawa a cikin zauren yake, ya ɗauki kasafin kuɗi yana bin sa layi-layi yana tambayar ina kuɗin nan suka shiga. Da suka dawo a 1996 ɗan takararsu Kufuor ya faɗi amma sun samu kujeru sama da 60, a 2000 kuwa ya ci a zagaye na biyu aka miƙa masa mulki lafiya lau.

Ta Afirka ta Kudu ta fi wuya. Jam'iyyar DP, wadda ta zama DA, ita ma mai ra'ayin a sakar wa kasuwa mara, kujeru 7 kacal ta samu cikin 400 a 1994. Ba su watse sun bi mai mulki ba, suka kama birnin Cape Town a 2006, lardin da birnin yake ciki gaba ɗaya a 2009, don a gan su a aikace. Duk da haka baƙar fata da yawa har gobe jam'iyyar Turawa suke ɗaukarta, ai wanda wariyar launin fata ta hana shi gona da makaranta ba za ka ce masa ya shiga gasa kawai ya yarda da kai ba. A 2024 kujeru 87 suka samu, jam'iyya mai mulki ta ANC ta faɗo zuwa 159 ta rasa rinjaye, dole aka yi gwamnatin haɗaka da su, yanzu ga su da ministoci kuma duk abin da ya lalace har da su za a tuhuma.

In ka karanta ka kira ni da daddare mu ƙarasa, ka gaida min mahaifiyarka.