Tambaya da Amsa: Jirgin Bahrain, da masu sayar da takarda da sunan tikiti

Wata 'yar'uwa daga Gombe: Za mu kai mahaifinmu asibiti a Indiya saboda ciwon ƙoda. Ejan ya ce mafi sauƙi mu bi ta Alƙahira, daga can mu hau Gulf Air zuwa Mumbai. Ban taɓa jin sunan kamfanin ba, hankalina bai kwanta ba.

Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Ki kwantar da hankalinki game da kamfanin. Gulf Air na ƙasar Bahrain ne, ƙaramar ƙasar tsibirai da ke gabas da Saudiyya, kuma ya girmi wasu manyan kamfanonin da kika saba ji. Wani matuƙi Bature ɗan Ingila, Freddie Bosworth, shi ya kafa shi a 1950. A 1974 Bahrain da Ƙatar da Abu Dabi da Oman suka haɗa hannu suka mallake shi. Daga baya kowa ya ja zarensa ya riƙe nasa kamfanin, Oman ce ta fita ƙarshe a 2007, aka bar wa Bahrain ita kaɗai. Shi ya sa sunansa bai kai na Emirates ko Qatar Airways amo ba. Jiragensa Boeing 787 ne da dangin Airbus A320, irin waɗanda sauran ke amfani da su. Tunda gidansu tsibiri ne ƙarami, babu zirga-zirgar cikin gida, sana'arsu ita ce kwaso fasinja daga nan, a sauya jirgi a filinsu na Muharraƙ, a wuce da shi can. Ba zan ɓoye miki ba, sun taɓa yin mummunan haɗari a watan Agustan 2000, jirginsu da ya taso daga Alƙahira ya faɗa teku dab da sauka, mutum 143 suka rasu. Shekaru sun ja tun lokacin, kuma ba shi ne abin da ke damuna a tafiyarku ba.

Abin da ke damuna shi ne, jirginsu ba ya sauka Kano, wani kamfani ne zai kai ku Alƙahira. Ki tambayi ejan ɗin: tikiti ɗaya ne daga gida har Mumbai, ko biyu ya yanka daban-daban? In biyu ne, jirgin farko ya makara, na biyu ba ruwansa, za a rubuta ba ku zo ba, a soke har da na dawowa. Ga ɗaukar kaya a sake aunawa, wanda kan buƙaci bizar shiga ƙasar, ga mara lafiya a hannu. Ni da zan biya ƙari in samu tikiti ɗaya. Ku nemi keken guragu aƙalla kwana 2 kafin tashi, ku riƙe takardar likita da katin rigakafin shawara, magungunan Baba kuma su zauna a jakar hannu.

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari: An turo min tikitin Gulf Air ta WhatsApp a kusan rabin farashin da kowa ke faɗa. Mai shi ya ce in biya yau ko kujera ta wuce.

Alhaji, kada ka tura ko sisi. Kai da ke gane atamfar jabu da taɓawa ɗaya, yaya za a sayar maka da hoto? Abin da mutane ba su sani ba, ejan na iya kama kujera da sunanka ba tare da ya biya kamfani komai ba. Takarda za ta fito da tambarin shaho mai ruwan zinare, da sunanka, da lambar ajiya mai haruffa 6, har in ka duba a shafin kamfani ranar za ka ga sunanka. Bayan 'yan kwanaki na'ura ta goge ta da kanta, shi kuma ya kashe waya. Wannan ajiya ce kawai. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, na Gulf Air yana farawa da 072. Ko ka ga lambar, kada ka tsaya nan: ka shiga shafin kamfanin da kanka, ba ta mahaɗin da aka turo maka ba, ka tabbatar an fitar da tikitin, ka sake dubawa bayan kwana biyu, domin wasu kan fitar su soke a ranar. Na ga dattijo ya sayar da gona, ya iso filin jirgi da 'yan rakiya mota biyu, aka duba aka ce babu sunansa. Har yau ina jin zafin abin. Duk da haka mutane na tura miliyoyi cikin asusun wanda ba su san ofishinsa ba, don kawai ya ce "ɗan'uwa" ya yi sallama. Kai da za ka yi rabin awa kana ciniki a kan turmi ɗaya! Ka je ofis mai rajista, ka karɓi rasit, ka duba sunanka harafi-harafi da na fasfo. Araha ba ta ado, kuma kuɗin jirgi da dala ake lissafa shi, babu mai karya maka rabi don Allah ya so ka.

Wani matashi daga Maraɗi: An ce akwai gada daga Bahrain zuwa Saudiyya. In na sauka can zan iya tsallakawa in yi Umra ba biza?

A'a. Gadar Sarki Fahad tana nan, kilomita 25, tun 1986, amma a tsakiyarta jami'an shige-da-fice suke zaune. Kuma gabashin Saudiyya take kai mutum, wajen Dammam, Makka na can gaba da sama da kilomita 1,000. Wanda ya ba ka wannan shawara, ka daina jin tasa.

Wata Hajiya mazauniyar Dubai: In ƙara kuɗi in zauna ajin Falcon Gold, wato ajin manya na Gulf Air, zuwa Bahrain?

Hajiya, tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci, kafin ki gama shayi an fara sauka. Ki ajiye kuɗin sai ranar da za ki wuce Landan ko Bankok.