Shin Littattafan Beatrix Potter Sun Dace da Yarinya 'Yar Shekara Biyar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An bai wa 'yata mai shekara biyar kyautar ƙananan littattafan hotuna na Beatrix Potter. Da na fara karanta mata labarin Peter Rabbit, tun a shafukan farko sai na ci karo da maganar cewa an dafa uban zomon an cinye, kuma a wani littafin karnuka sun shanye ƙwan agwagwa tana ji tana gani. Ga shi kuma Turancin ya yi mini kama da na mutanen da. Shin in riƙa tsallake waɗannan wurare ne, ko in nemi bugun da aka sauƙaƙa, ko kuwa in ajiye littattafan sai ta ƙara girma?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ita ce ki karanta mata su yadda marubuciyar ta rubuta, ba tare da tsallake komai ba, illa dai ki zaɓi waɗanda za ki fara da su, domin littattafan guda 23 ne, kuma ba ɗaya suke ba wajen tsawo da nauyi. Dalilina yana cikin yadda aka yi su tun asali.

Labarin Peter Rabbit wasiƙa ce kafin ya zama littafi. A watan Satumba na 1893, Beatrix Potter, wadda aka haifa a Landan a 1866, tana hutu a Sikotland, sai ta rubuta wa Noel Moore, ɗan tsohuwar malamarta ta gida, wanda ke kwance ba shi da lafiya, labarin zomaye huɗu da uwarsu, ta kuma ƙawata shi da zane. Shekarun Noel biyar a lokacin, wato sa'an 'yarki ne. Bayan wasu shekaru ta aro wasiƙar, ta faɗaɗa ta, ta kai wa masu buga littattafai da dama suka ƙi karɓa, saboda haka a Disamba 1901 ta buga kwafi 250 da kuɗinta. A Oktoba 1902 kamfanin Frederick Warne ya fitar da shi da hotuna masu launi. Ta dage a kan a yi littafin ƙarami yadda hannun yaro zai iya riƙewa, a kuma sayar da shi da araha, har aka tsayar da sule ɗaya a kan bugun mai sauƙin bango. Saboda haka abin da kike gani da nauyi, tun farko wa yaro ƙarami aka rubuta shi, kuma wadda ta rubuta ta san shi ido da ido.

Maganar uban Peter kuwa, ki sake duba yadda aka faɗe ta. Uwar ce take gargaɗin 'ya'yanta kafin ta tafi sayayya, tana cewa kada su shiga lambun Mista McGregor, domin a can ne tsautsayi ya faɗa wa ubansu, matar mai lambun ta sa shi a cikin abinci. Jimla ɗaya ce tak, babu jini, babu kuka, kuma labarin bai sake komawa kanta ba. Amma dukan abin da ya biyo baya a kanta ya rataya. Idan kika cire ta, gargaɗin uwar ya zama faɗa kawai na babba ga yaro, gudun da Peter ya yi a lambun ya zama wasan ɓuya, kuma yarinya ba za ta san dalilin da ya sa zomon ya fashe da kuka ba sa'ad da manyan maɓallan rigarsa suka maƙale a raga. Yaro ɗan shekara biyar ya riga ya san cewa ana cin dabbobi, kuma ya san akwai wuraren da aka hana shi zuwa. Abin da yake bukata shi ne ya ga haɗarin yana zaune a cinyar wanda ya amince da shi, ya kuma ga an fita daga cikinsa. Peter ya fita: ya rasa takalmansa da shuɗiyar rigarsa, waɗanda mai lambun ya rataye ya yi mutum-mutumi da su don korar tsuntsaye, ya isa gida a galabaice, uwarsa ta kwantar da shi ta ba shi cokali ɗaya na shayin ganye, 'yan'uwansa mata uku kuma suka ci burodi da madara da 'ya'yan itace. Ba a yi masa wa'azi ba, kuma marubuciyar ba ta tsaya ta gaya wa mai sauraro darasin da zai ɗauka ba.

Wannan hali na ƙin ɓoye gaskiyar rayuwar dabba ya samo asali ne daga irin tarbiyyar idon da ta samu. Ita da ƙanenta Bertram sun tashi da dabbobi iri-iri a ɗakin karatunsu, zomaye da ɓeraye da bushiya da jemagu, suna zana su, kuma idan ɗaya ta mutu sukan tafasa gawar su fitar da ƙasusuwan don su ga yadda jikin ya haɗu. Ta shafe shekaru tana zana naman kaza da sauran danginsa da fentin ruwa, har a 1897 aka gabatar da takardar bincikenta a gaban ƙungiyar masana halittu ta Linnean da ke Landan, ita kuwa ba ta halarta ba, domin a zamanin ba a bai wa 'ya'ya mata wannan dama. Shi ya sa zomonta, ko da riga a jikinsa, zomo ne na gaskiya, da ƙafafun baya da kunnuwa da yadda yake laɓewa. Ki lura da hotunan tare da 'yarki: muddin Peter yana sanye da riga da takalma, a tsaye yake kamar yaro, amma da zarar ya rasa su sai ya koma kan ƙafa huɗu, dabba tsirara mai neman tsira da ranta. Yara sukan gano wannan kafin manya, saboda su hoton suke karantawa yayin da babba ke bin rubutu.

Labarin agwagwar da kika ambata, Jemima Puddle-Duck na 1908, shi ne a ganina ya fi nuna gwanintarta, kuma shi ne wanda zan fi baƙin ciki idan aka taɓa shi. Agwagwar ta gudu daga gona ne domin matar manomin ba ta barin ta ta kwanta a kan ƙwanta. A daji ta haɗu da wani dattijo mai ladabi, sanye da kaya masu kyau, yana zaune a kan kututture yana karanta jarida. Rubutun yana ta kiran sa mutumin kirki, hoton kuwa yanyawa ce ƙiri-ƙiri, da tsinin kunnuwa da jela mai gashi. Ya ba ta masauki a wata rumfa cike da gashin tsuntsaye, ita kuwa ba ta tambayi kanta daga ina gashin ya fito ba. Daga baya ya aike ta ta tsinko albasa da ganyayen ƙamshi, wai za a soya ƙwai da su, alhali irin kayan da Turawan Ingila ke cusa wa gasasshiyar agwagwa ne. A nan yarinya ta fi jarumar labarin sanin abin da ke faruwa, kuma za ki ga tana ƙoƙarin faɗakar da ita da baki. Wannan jin daɗi na riga mai labari ganewa yana daga cikin abubuwan da ke sa yaro ya so karatu. Karen gona ya cece ta, amma 'yan kwikwiyon da suka taya shi suka shanye ƙwan kafin a hana su, aka rako ta gida tana hawaye. Daga baya ta sake yin wasu, aka bar mata su, huɗu kacal suka ƙyanƙyashe. Ban san wani ƙarshe da ya fi wannan dacewa da halin agwagwar ba.

Game da bugun da aka sauƙaƙa, an taɓa gwada shi. A 1987 kamfanin Ladybird ya fitar da Peter Rabbit da Turanci mai sauƙi, aka maye gurbin zanenta da hotunan 'yan tsana, aka kuma cire maganar uban, lamarin da ya jawo suka mai yawa a Ingila. Irin waɗannan littattafai, da waɗanda aka ciro daga finafinai da zanen talabijin, suna ɗauke da sunan Peter, amma abin da ya sa ake karanta na asalin sama da shekara 120 ba ya cikinsu. Idan za ki ƙara saye, ki duba cewa rubutun da zanen duka nata ne.

Tsohon Turanci kuma gaskiya ne akwai shi, kuma da gangan take sa kalmomi masu nauyi. A farkon labarin Flopsy Bunnies na 1909 ta yi amfani da kalmar "soporific", wato abin da ke sa barci, game da cin latas da yawa, sannan nan take ta nuna 'yan zomaye sun ci sun ɓingire. Yaro yana ɗaukar ma'anar daga hoton da abin da ya faru, kuma sau da yawa irin wannan kalma ce zai yi ta maimaitawa saboda daɗinta a baki. Ki karanta jimlar yadda take, idan 'yarki ta tambaya ki yi mata bayani a taƙaice da harshen da ta fi ji, ki ci gaba. Tsayawa a kowace kalma yana kashe labari fiye da wuyar kalmar.

Inda zan ce ki yi hattara shi ne wajen jerantawa. Ki fara da Peter Rabbit, da Tom Kitten, da Jeremy Fisher, da Mrs. Tiggy-Winkle, da Miss Moppet wanda tun asali don ƙanana sosai aka yi shi. Ki jinkirta Samuel Whiskers, inda ɓeraye suka naɗe ɗan kyanwa a cikin kwaɓin fulawa da niyyar cinye shi, da kuma Mr. Tod na 1912, wanda aka sace jariran zomaye aka kulle su a tanda, domin dogaye ne kuma fargabar da ke cikinsu tana daɗewa kafin ta warware. The Tailor of Gloucester, wanda ita kanta ta fi so, ya fi dacewa da mai shekara bakwai ko takwas saboda tsawonsa da sunayen yadudduka na da. Ki kuma sani cewa a Benjamin Bunny akwai wurin da uba ya zane ɗansa da Peter da tsumagiya, abin da ba a ɗauke shi komai ba a Ingila ta 1904. Ke kika san yadda za ki yi wa 'yarki magana a kansa.

Sannan ki lura da ita kanta yarinyar. Idan ta matso jikinki ta ce ki ci gaba, tsoron da take ji irin wanda take iya ɗauka ne. Idan kuwa ta rufe littafin ko ta kasa barci, ki ajiye wannan ɗin na wasu watanni, ki kuma mayar da karatun masu fargaba zuwa rana maimakon lokacin kwanciya. Idan ta tambaye ki ko da gaske akwai gonar agwagwar, ki ce mata akwai: sunanta Hill Top, a ƙauyen Near Sawrey cikin yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila. Marubuciyar ta saye ta a 1905, ta zana gidan da lambunsa a littattafai da dama, kuma da ta rasu a Disamba 1943 ta bar ta, tare da fili kimanin eka 4,000, ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila, wadda har yanzu take buɗe gidan ga masu ziyara.