Amsa ga Malamin da zai zo Kumasi hutun Disamba

Malam, ka ce za ka zo Kumasi da iyali a hutun Disamba, kuma ka gaji da jin kasuwar Kejetia da fadar Manhyia ta sarkin Asante, kana son wuraren da baƙi ba su cika zuwa ba. Ni a unguwar Aboabo na tashi, bari in faɗa maka inda nake kai baƙina.

Fara da Ntonso, a kan hanyar Mampong. Can ake buga zanen adinkra, wato alamomin gargajiya na Asante da ake bugawa a jikin yadi. Tawadar daga ɓawon wata bishiya ake dafa ta har ta yi kauri, hatimin kuma da ƙwarya ake sassaƙa shi. Za su ba yaranka su buga da hannunsu. Wallahi duk yaron da na kai can sai da aka sha fama kafin ya yarda a tafi.

A cikin gari akwai tsohuwar ganuwar Turawa a Adum, wadda yanzu gidan tarihin soja ce. A nan mayaƙan Yaa Asantewaa, sarauniyar da ta jagoranci yaƙin Asante, suka tsare Turawan Ingila a 1900. Takobin Okomfo Anokye, shahararren bokan Asante na da, kuma yana kafe a ƙasa cikin harabar asibitin da ke ɗauke da sunansa. Mutane da yawa suna wucewa ba su san yana nan ba.

Tafkin Bosomtwe ya cancanci wuni guda, sai dai hazon hunturu kan rufe tsaunukan da ke kewaye da shi, don haka kada ka sa rai da hoto mai kyau. Masuntan wurin a kan katako suke hawa su shiga ruwa.

Sallar Juma'a ka zo mana zango, ka ci waakye, wato shinkafa da wake. Allah Ya kawo ku lafiya.